Kaset Ake Saye ko Kwali? Amsa ga Mai Tara Tsofaffin Wasannin Gem

Tambaya: Malam, na fara tara tsofaffin wasannin gem na Nintendo da Sega, irin waɗanda muka buga muna yara. Sai na ga kaset iri ɗaya, wani yana sayar da shi tsirara, wani kuma da kwalinsa da takardunsa a kan kuɗi kusan ninki uku. Kwalin nan yana da wani amfani ne, ko kuwa wayon 'yan kasuwa ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, ba wayo ba ne, amma kuma ba kowa ne ya kamata ya biya wannan kuɗin ba. In ka zura kaset ɗin nan biyu a na'ura, Mario ɗaya ne zai fito, tsalle ɗaya zai yi, kiɗa ɗaya za ka ji. Ƙarin kuɗin da aka ɗora maka ladan takarda ne, takardar da ta shekara talatin ko fiye ba ta yage ba, ba ta jiƙe ba, ba a kuma hura wuta da ita ba. Na daɗe ina gyaran waɗannan na'urori, ina kuma saye da sayar da kaset-kaset ɗinsu, kuma duk wanda ya zo mini da irin tambayarka sai na fara mayar masa da tawa: na wace na'ura? Domin amsar Nintendo daban, ta Sega daban, ta faifai kuma daban.

Mu fara da Nintendo, tunda a can ne tazarar ta fi faɗi. Tun daga NES da ta shiga Amurka a 1985, zuwa Super Nintendo, zuwa Nintendo 64 ta 1996, har da Game Boy, a cikin kwali marar kauri suke zuba wasanninsu, irin kwalin sabulu ko na magani. Kaset ɗin kuwa roba ce mai tauri. A jefar da shi, a taka shi, a hura masa iska da baki har da yawu, gobe ya tashi aiki. To ka ɗauki yaro ɗan shekara takwas da aka miƙa wa sabon wasa ranar Kirsimeti. Ba buɗe kwalin zai yi ba, yaga shi zai yi. Kafin magariba uwarsa ta share ta zuba a shara. Wanda ma ya ajiye nasa, buɗewa da rufewa sun cinye leɓen kwalin, an ɗora masa littattafai ya lotse, ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya gama da shi. Shi ya sa yau kaset-kaset sun yi yawa a kasuwa, kwalaye kuwa sun yi kaɗan, lafiyayyu a cikinsu kuma kaɗan daga cikin kaɗan. Duk wanda ya taɓa kai wayarsa kasuwa ya san wannan lissafin: da kwalinta da rasit wani farashi, ita kaɗai daga aljihu wani farashi. Bambancin kawai shi ne kwalin waya shaida ce cewa ba ta sata ba ce, shi kuwa kwalin gem shi kansa haja ne, har akwai masu sayen kwali fanko.

Sega ta bi wata hanya. Wasannin Master System da na Mega Drive, wadda Amurkawa ke kira Genesis, a cikin akwatin roba mai buɗewa kamar littafi suke zuwa. Mutane ba su zubar da shi ba domin shi ne ma'ajiyar kaset ɗin. Saboda haka samun wasan Sega da akwatinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, tazarar kuɗin kuma ba ta kai ta Nintendo ba. Abin da ya fi ɓacewa a nan shi ne ɗan littafin bayani. Sai dai wajen 1994 Sega ta Amurka ta koma kwali don rage kashe kuɗi, don haka wasannin ƙarshen zamanin Genesis sun faɗa cikin matsala irin ta Nintendo. In wani ya nemi ninki uku a kan wasan Sega gama-gari don kawai yana da akwatin roba, ka taya shi ƙasa sosai ko ka wuce.

Na faifai kuwa, PlayStation da Saturn da Dreamcast da PlayStation 2, lissafin juyewa yake yi. A nan faifai da gidansa shi ne asali, faifan da ke yawo tsirara shi ne mai aibu, domin ya kwana a kan talabijin ya sha karce. Robar gidan faifan PlayStation in ta tsage ana iya musanya ta da wata, babu wanda zai damu. Takardar gaba da ta baya su ne abin nema. 'Yan Japan ma sun ƙara wani abu: akwai wata siririyar takarda da ake naɗawa a gefen gidan faifai, suna ce mata obi, wato ɗamara. Da an fasa leda take zamewa ta faɗi, yawanci a yar da ita. Mai tara wasannin Japan sai ya tambaye ka ita kafin ya tambayi lafiyar faifan. Gaba ɗaya dai mutanen Japan sun fi Amurkawa adana kwali, shi ya sa a shaguna irin Super Potato na unguwar Akihabara a Tokiyo za ka ga wasannin Famicom da Super Famicom, wato NES da Super Nintendo na Japan, jere da kwalayensu tsaf, kuma sau da yawa sun fi takwarorinsu na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba. In rashin Turanci a cikin wasan bai dame ka ba, wasan tsere ne ko na faɗa, wannan ƙofa ce mai arha.

A shafukan ciniki kashi uku za ka tarar. Akwai tsirara. Akwai cikakke, wanda za ka ga an rubuta masa haruffa uku, CIB, ma'ana kaset da kwali da littafi. Sai wanda ba a taɓa fasa ledarsa ba. Shafin PriceCharting yana jera farashin kowane kashi gefe da gefe, kuma a eBay kana iya duba abin da aka riga aka sayar. Wannan za ka duba, ba abin da mai kaya ya sa wa kayansa suna ba, don kowa na iya cewa akuyarsa miliyan ce. Ka kuma kula da kalmar cikakke ɗin nan, domin kowa da tasa fassarar. A kwalin NES na asali akwai farin soso a ƙasa da ke tallafe kaset, da baƙar rigar roba da ake zura shi ciki, wani lokaci da fosta da katin talla. A na Super Nintendo da Nintendo 64 akwai wani tire na kwali a ciki. Wani mai sayarwa in ya ce cikakke har da waɗannan yake nufi, wani kuwa abubuwa uku kawai. Ka tambaya, ka kuma nemi hoton komai a baje.

Yanzu ga inda nake saɓa wa masu cewa kwali ado ne kawai. Akwai wasannin da takardar cikin kwalin wani ɓangare ce ta wasan kansa. A StarTropics na NES, wanda ya fito a 1990, akwai wasiƙa ta takarda a cikin kwali, wai daga kawun yaron da kake bugawa da shi. Can a tsakiyar wasa sai a ce maka ka tsoma wasiƙar a ruwa. Da ka jiƙa ta sai lamba 747 ta bayyana, kuma in ba ka shigar da lambar nan ba babu gaba. Yaran da suka yi hayar kaset ɗin ko suka saye shi na hannu sun maƙale a wurin, suna neman wasiƙa a cikin allon talabijin alhali tana cikin kwalin da ba su taɓa gani ba. Ka kuma lura da abin da wannan ke nufi ga mai tarawa: wasan da kansa ne ya umurci masu shi su jiƙa takardarsu, don haka busasshiyar wasiƙa da ba ta taɓa ruwa ba ta zama abin nema. Metal Gear Solid na PlayStation, na 1998, shi ma ya yi irin wannan tsiyar. Ana ce maka lambar rediyon da za ka kira Meryl, wata soja a cikin wasan, tana bayan gidan faifai, mutum ya yi ta lalube cikin kayan da ke jikin sojansa, ashe gidan faifai na gaske ake nufi, wanda ke kan tabarma kusa da shi, inda aka buga hoto mai ɗauke da 140.15. Mu da muka buga shi da kwafin faifai a leda mun san wahalar da muka sha. The Legend of Zelda ya zo da taswira mai naɗewa. EarthBound na 1995 ya zo a wani ƙaton kwali saboda an haɗa shi da cikakken littafin jagora, har da katunan da ake kankarewa a sansana. A ɓangaren kwamfuta abin ya fi haka: kamfanin Infocom tun daga wasansa Deadline na 1982 yake zuba takardun bincike irin na 'yan sanda da wasu tarkace a cikin kwali, The Secret of Monkey Island na 1990 kuma ba ya barin ka shiga sai ka juya wani faifan takarda mai fuskokin 'yan fashin teku ka karanto shekarar da ya nuna. Dabarar hana kwafi ce, amma ta zama wani yanki na daɗin abin.

To amma gaskiya ɗaya ce, yau duk waɗannan an ɗauki hotonsu an zuba a intanet. In bugawa kawai kake so, minti ɗaya ya ishe ka ka samo 747. Ni dai in an ce in zaɓi ɗaya tsakanin kwali da littafi, littafin zan ɗauka. Shi ne ake karantawa, a cikinsa sunayen dodanni da labarin wasan suke a zamanin da kaset ba shi da wurin ɗaukar dogon bayani, kuma ya fi kwali arha da sauƙin ajiya. Mutane da yawa ba su san ana sayen kaset da littafi ba tare da kwali ba. Tsaka-tsaki ne mai kyau.

Amfani na biyu na kwali shi ne takardar haihuwa. Wasa ɗaya ana iya buga shi sau goma cikin shekaru, kuma a jikin kwali ne aka fi gane bugun. Kwalayen farko na NES, baƙaƙen nan masu hoton ɗigo-ɗigo, ba leda aka naɗe su da ita ba a lokacin gwajin kasuwa na 1985 da 1986, ɗan sitika ne aka manna a leɓen. Na farko-farko suna da wani ɗan yanki a baya da ake ɓallewa a rataye a shago. Hatimin ingancin Nintendo da zagayayye ne, wajen 1989 ya koma mai siffar ƙwai. Kaset ɗin ma na farko noti biyar gare shi, daga baya aka koma uku. A Super Mario Bros. 3 akwai bugun farko da kalmar Bros. ta zauna a hagu ta rufe safar hannun Mario, aka gyara daga baya. Waɗanda aka sake bugawa bayan sun yi kasuwa suna ɗauke da tambarin Player's Choice a Nintendo, ko Greatest Hits mai koren gefe a PlayStation ta farko, ko Platinum a Turai, kuma masu tarawa sun fi son bugun farko. Wannan ilimin yana kare ka daga haɗin gambiza, inda dillali zai samo kaset a nan, kwali a can, littafi a wani wuri, ya haɗa ya ce maka haka suka fito daga shago. Ba laifi ba ne in ya faɗa, kuma in sun dace. Amma kaset mai noti uku cikin kwalin zamanin noti biyar, ko kaset ɗin Turai cikin kwalin Amurka, ba cikakke ba ne. Ka duba lambar da ke jikin kowanne. Na Super Nintendo ta Amurka da SNS take farawa, ta Turai da SNSP, ta Japan da SHVC. Dole ta kaset da ta kwali da ta littafi su yi magana da murya ɗaya.

Wasu ma ba su taɓa samun kwali ba tun asali. Kaset ɗin nan mai haɗe da Super Mario Bros. da Duck Hunt tare da na'ura ake ba da shi a Amurka, babu kwalinsa na shago. Wanda ya nuna maka kwalinsa, wani ne ya zana ya buga.

In kana son ganin iyakar abin da takarda ke iya yi wa farashi, ga misali biyu. Air Raid, wani wasan Atari 2600 mai shuɗin kaset da mariƙi a sama, tsirararsa 'yan dubban daloli yake yi saboda ƙarancinsa. A 2010 aka samu mai kwali, ya tashi dala 31,600. A 2012 aka samu mai kwali da littafi, ya haura dala 33,000. Sai Stadium Events, wanda Bandai ta fitar a Amurka a 1987, wasan guje-guje da ake bugawa da ƙafa a kan wata shimfiɗa. Bai daɗe a kasuwa ba Nintendo ta karɓe shi ta sake fitar da shi da sunan World Class Track Meet. Wasa ɗaya ne, sai dai suna. Mai sabon sunan kuɗin cin abinci ne, mai tsohon sunan kuwa a 2010 wata mata ta sa tsohuwar NES da 'yan wasanni a eBay, ashe akwai shi a ciki da kwalinsa, ciniki ya tashi dala 13,105. Kafin zuciyarka ta buga: na Turai na wannan wasan bai kusa da wannan kuɗin ba, kuma mafi yawan kayan ainihi da suka shigo ƙasashenmu ta hanyar gwanjo na Turai ne.

Sai maganar leda. Ina roƙonka ka raba ta da maganar kwali, don kasuwa ce daban da mutane daban. Akwai kamfanonin da ake aika wa wasa su duba, su ba shi maki, su kulle shi a akwatin roba mai kama da gilashi. VGA ta fara a 2008. A 2018 wani ya fito mai suna Wata, ba watan sama ba, sunan kamfanin ke nan. A Fabrairun 2019 aka sayi Super Mario Bros. mai sitika da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala 100,150. Daga nan abin ya kama da wuta, lokacin korona ya ƙara masa fetur. A kamfanin gwanjo na Heritage Auctions, Yulin 2020 wani Super Mario Bros. dala 114,000. Nuwamba, Super Mario Bros. 3 mai Bros. a hagu ɗin nan dala 156,000. Afrilun 2021 wani Super Mario Bros. ɗin kuma dala 660,000. Yuli, The Legend of Zelda dala 870,000, bayan kwana biyu kacal Super Mario 64 dala miliyan 1.56. A Agusta wani kamfani mai suna Rally, wanda ya sayi wani Super Mario Bros. a kan dala 140,000 ya kuma sayar wa jama'a hannun jari a cikinsa, ya sayar da shi dala miliyan 2.

Ka tsaya a kan Super Mario 64 ɗin nan. An sayar da fiye da miliyan 11 na wannan wasa a duniya. Tsirararsa 'yan gomomin daloli ne. Babu wani ƙaranci a wasan. Leda da kusurwoyin kwali da lambar 9.8 da aka rubuta a saman akwatin su ne suka ci miliyan da rabi. Tsofaffin masu tarawa suka fara ƙunƙuni, musamman da yake ɗaya daga cikin waɗanda suka sayi na 2019 ɗin shi ne Jim Halperin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage. A Agustan 2021 Karl Jobst ya fitar da dogon bidiyo a YouTube yana zargin cewa an hura farashin da gangan. Kamfanonin biyu, Wata da Heritage, sun musanta. A Mayun 2022 wasu masu hulɗa da Wata suka kai shi kotu a Kalifoniya. Ni ba alƙali ba ne, amma abin da ido ya gani shi ne bayan 2021 farashin masu leda da yawa ya rikito, waɗanda suka shiga a makare suka kwana ciki. A daidai wannan lokacin kasuwar tsirara da ta cikakke ba ta yi irin wannan faɗuwar ba, domin masu sayensu so suke su buga ko su jera a kanta, ba jiran wani ya zo ya saya da tsada suke yi ba.

Ban da haka, sayen mai leda cinikin biri a sama ne. Ba ka ga kaset ba, ba za ka kuma gan shi ba, don ranar da ka fasa ledar ka ƙone kuɗinka. Shagunan wancan zamanin da yawa suna da injin naɗe leda, suna sake naɗe kayan da aka dawo da su. Wasanni irin Zelda suna da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, kuma batir ba ya tambayar ko an buɗe kwali kafin ya mutu. Wannan fagen na masu kuɗin da ba sa jin zafin asara ne.

Kuma kada ka ɗauka rashin kwali shi ne rashin daraja. Kaset ɗin gasar Nintendo World Championships ta 1990 bai taɓa zama a kantin shago ba, masu ruwan zinare guda 26 aka yi, kuma yana cikin mafi tsada a duniyar NES. Kaset-kaset ɗin da Atari ta binne a juji a Alamogordo ta jihar New Mexico a 1983, da aka tono su a 2014 kwalayen sun lotse sun yi baƙi da ƙasa, amma aka yi gwanjon ɗaruruwansu a kan fiye da dala 100,000, ɗaya ma ya shiga gidan tarihi na Smithsonian. Labarin aka saya.

To, idan ka ƙudura sai mai kwali, jabu ne babban abokin gabarka. Buga kwali ya fi haɗa kaset sauƙi, kuma akwai masu buga sababbi da zuciya ɗaya, suna faɗa cewa kwaikwayo ne. Matsalar sai ya bi hannu biyu ko uku, bayanin ya ɓace a hanya. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wani wasan Super Nintendo daga wani mutum a intanet, hotuna tas, kusurwoyi kamar yau aka yanka. Wannan kyan ne ya kamata ya tsorata ni. Da ya iso na leƙa cikin kwalin, fari fat, ƙamshin sabon tawada na tashi. Takardar da ta shekara talatin tana da nata warin, tana da 'yar gajiya a leɓe. Tun daga ranar nake ajiye gilashin masu gyaran agogo a aljihu. A ƙarƙashinsa, bugun ainihi za ka ga launuka sun jeru cikin tsari kamar 'yan furanni, baƙin rubutu kuma bakinsa kaifi. Na firintar gida ɗigon a warwatse yake, bakin haruffa ya yi gashi-gashi, don hoton hoto ne. Kaset ɗin ma ka duba sitikar baya, na ainihi akwai lambobi da aka danna suka lotsa takardar. In kuɗin da yawa ne, ka sa a kwance shi. Notin Nintendo na da sukudireba tasa ta musamman, mai arha ce. Fanel na ainihi yawanci da sunan Nintendo a jiki, na jabu kuwa sau da yawa ƙarami ne da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. Wasannin Pokémon na Game Boy Advance su suka fi shan wannan. In ka ga mai kwali da arha, kura ce da fatar akuya.

Akwai kuma abin da mai ba da shawara daga Amurka ba zai faɗa maka ba, domin bai san gara ba. Ni na sani. Na taɓa jera kwalaye a cikin katan na ajiye a ƙasa jikin bango, na yi tafiya damina guda. Da na dawo na ɗaga katan ɗin, gindinsa ya zauna a ƙasa. Kaset-kaset ɗin lafiya lau, kwalayen kuwa sun koma ƙasa. In ka sayi kwali ka ɗauko wa kanka reno. Danshin damina na sa shi funfuna ya kuma saki gam, zafin bazara da bushewar hunturu na sa shi ƙeƙashewa, rana ta taga tana cin launinsa, ja ne ke fara tafiya, kyankyaso na lasar gam, ɓera na son kusurwa. Dole ka sa kowanne a rigar roba mai haske da ake yi daidai girmansa, ka tsayar da su a tsaye a kan kanta nesa da ƙasa da bango, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka kusanto da salatif, kada ka ɗaure da robali, tsohon sitikar farashi kuma ka bar shi inda yake, ɓamɓare shi ya fi barinsa ɓarna. Kaset ɗin da kake bugawa ka fitar da shi ka ajiye daban, don kowane buɗewa yana rage wa leɓen kwali kwana. Ka haɗa da kuɗin aike: kwali iska ce ake biya wa kuɗin jirgi, kuma in mai aikowa ya sa shi a ambulan, abin da zai iso maka faifan tuwo ne. Ka kuma tambayi kanka wa za ka sayar wa in ka tashi. Masu biyan kuɗin kwali yawancinsu suna Amurka da Turai da Japan, sai ka sake biyan aike da la'ada kafin ka ga riba.

Wani abu da ke ba ni tausayi: yawancinmu ba Nintendo ta ainihi muka buga ba, kwaikwayon Famicom ne, da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wasanni dubu-dubu a jiki, ka kunna ka tarar da guda goma suna ta maimaita kansu. A kasuwar duniya ba su da wani kuɗi, shi ya sa babu mai ajiye kwalayensu masu zanen ban dariya. In ka ci karo da ɗaya da kwalinsa a tsohon shago, ɗauke shi. Shi ne abin da ya shiga gidajenmu da gaske, kuma ba na jin wani a Tokiyo zai adana mana shi.

Da ni ne kai, da kuɗin mai kwali ɗaya zan sayi tsirara uku in buga su, in akwai mai littafi in ƙara ɗan abu in ɗauka. Na Sega da na faifai ba zan karɓa ba sai da gidansu, tunda samunsu ba wuya. Kwalin Nintendo kuwa zan ware wasa uku ko huɗu, waɗanda in na ga hoton gabansu nake tuna ɗakin da na fara buga su, in jira har in samu lafiyayyu, ko da shekara biyu za a yi. Wannan da aka yi maka tayinsa ninki uku, ka ce ya turo hoton cikin kwalin da haske, da hoton leɓen sama da na ƙasa, da lambar da ke jikin kwali da kaset da littafi a hoto ɗaya. In ya fara ce maka kyamararsa ba ta da kyau, ka sayi tsirarar.